Gidan kallon bayan kasuwa da tsofaffin wasannin ranar Alhamis

Gidan kallon nan na bayan kasuwar unguwarmu ya fito da wani sabon abu da ya kamata masu son ƙwallo su sani, duk ranar Alhamis da rana kafin wasannin dare suna haska tsofaffin wasanni tun daga farko har ƙarshe, ba gutsure-gutsure ba, kuɗin shiga naira ɗari biyu kacal.

Wanda na kalla shi ne fainal ɗin Champions, wato gasar zakarun Turai, na 2011 a Wembley, Barcelona ta ci Man United 3-1, Pedro da Messi da Villa suka ci, Rooney ya rama ɗaya. Wallahi hoton tas, kuma abin da ya fi burge ni shi ne mai gidan yana tsayar da wasan ya ce jama'a ku dubi tsakiyar fili. Ka ga Giggs yana da shekara 37 yana bin Xavi da Iniesta yana haki, Scholes ya shigo daga baya shi ma ƙafa ta riga ta yi nauyi, to a nan za ka gane ciwon United ya daɗe, kocinta Ferguson ne ke rufa mata asiri. Pogba yana hannunsu suka bari ya tafi Juventus kyauta a 2012, daga baya suka dawo da shi kan fam miliyan 89. Baba Ferguson na ajiye aiki a 2013 David Gill, shugaban gudanarwar kulob ɗin, ma ya tafi, shikenan sai canjin koci, Moyes, Van Gaal, Mourinho, kowa ya zo da nasa 'yan wasan ya bar wa na baya tarkace, har suka ƙare a na 15 a gasar Premier a 2025.

Barça ɗin da ta yi musu wannan wulaƙancin ita ma haka ta je ta faɗa, Xavi ya tafi 2015, Iniesta 2018, kuɗin sayar da Neymar yuro miliyan 222 aka watsar a kan Dembele da Coutinho maimakon a gyara tsakiya, sai ga Bayern ta zuba musu 8-2 a 2020 kuma Coutinho ɗin da suka ba Bayern aro shi ya ci biyu. Abin da ciwo gaskiya.

Ƙorafina biyu ne. Fankoki uku ne a ɗakin amma ɗaya kawai ke juyawa, ga rufin kwano, mutum ya fito riga sharkaf. Sannan sipika tana gaba ne kawai, na bencin baya ba sa jin bayanin sai hayaniyar masu musu. Janareto dai ba laifi, ana ɗauke wuta yake tashi.

In za ka je ka je da wuri ka kama bencin gaba. Na roƙe shi ya nemo mana wasannin Kano Pillars na 2012 zuwa 2014 lokacin da suka ɗauki kofi uku a jere, don mu ma mu zauna mu ga abin da ya kai su gajiyayyu, wato faɗuwa daga babbar gasa, a 2022, ya ce zai bincika.