Hattara da mai tallan na'urar "rimot ɗaya tilo ga duk gida"

Jama'a dan Allah ku yi hattara, akwai wani mutum da yake ta yawo da bidiyo a Facebook da guruf-guruf na WhatsApp yana tallan wata 'yar na'ura baƙa zagayayya, wai idan ka jona ta a falo za ka riƙa kunna AC ɗin ɗakin barci, da dikodar da ka ɓoye cikin durowa, da fankar ɗakin yara, har da get, duk daga wayarka ko kana wani gari. Ƙanin matata ya tura masa kuɗi, kayan sun zo ta tasha, kuma abin da ke cikin kwalin irin 'yar na'urar infrared ce ta kamfanin Tuya mai araha da ke aiki da manhajar Smart Life, ya manna mata sitikarsa ya ninka kuɗi.

Ita na'urar a karan kanta ba jabu ba ce, ƙaryar a bakinsa take. Infrared haske ne, irin wanda rimot ɗin talabijin ke fitarwa, ido ba ya ganinsa amma ka ɗauki rimot ka saita kansa a kyamarar waya ka danna, a yawancin wayoyi za ka ga ɗan ƙwan yana ƙyaftawa. To haske kuwa ba ya ratsa bulo, ba ya ratsa katako. Yakan dai bugi bango ya dawo a cikin ɗaki guda, shi ya sa wani lokaci rimot ke ci ko ba ka saita shi daidai ba, amma daga falo zuwa uwar ɗaka wallahi babu wannan zancen. Dikodar da ke cikin rufaffiyar durowa sai an ja 'yar siririyar waya mai ƙwan infrared an liƙa shi a kan idon dikodar, ko kuma a saka na'urar a ciki tare da ita. Kowane ɗaki mai AC kuma yana buƙatar tasa daban.

Get yawanci da siginar rediyo yake aiki, haka ma wasu fankoki, galibi 433 MHz, wannan 'yar tasa ba ta jin wannan yaren kwata-kwata. Masu yin duka biyun akwai su, irin su Broadlink RM4 Pro, amma ko ita ba ta kwafar rimot ɗin get mai canza lamba duk dannawa. Sannan ba ya faɗa wa mutane cewa sai da WiFi na 2.4 GHz, kuma in Nepa sun ɗauke wuta rautar WiFi ta mutu shi ke nan. Ga shi kuma infrared aikawa kawai yake yi, ba ya dawo da amsa, manhaja za ta iya nuna maka AC a kashe alhali yana can yana shan yunit ɗin mita.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne saitin. Yana cewa ka turo masa lambar da aka aiko maka ta imel ko tes zai "taimaka" ya buɗe maka akawun, sai ya zama shi ne mai akawun ɗin kai ɗan raɓe ne. Bayan nan ya fara neman kuɗin sabuntawa duk wata, alhali kunnawa da kashewa a Smart Life kyauta ne. Da ƙanin matar tawa ya ƙi biya sai mutumin ya cire shi, da ya nemi kuɗinsa ya toshe layinsa.

In har za ku saya, ku je shago a gwada a gabanku, a rufe ƙofar durowa ku gani da idonku, ku buɗe akawun da imel ɗinku, kar ku ba kowa lambar nan. Wanda ya riga ya faɗa hannunsa, a danna maɓallin risetin da ke jikin na'urar har fitilar ta fara ƙyaftawa, a sake haɗa ta da sabon akawun, a canza faswod na WiFi, a kai rasit ɗin transfa da hoton hirarku banki a shigar da ƙorafi, sannan a yi rifot ɗin shafin nasa.