Doguwar ta dawa ce, gajerar ta wake: sayi iri, ka bar maganin feshi

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Hotunan nan biyu da ka turo, na cikin dawa da na cikin wake, duka wuta-wuta ce, ciyawar nan mai tsotsar saiwar shuka, wadda wasu ke kira ƙuduji, amma ba iri ɗaya ba ce, kowace da shukar da take kamawa. Batun ko ka sayi maganin feshi ko ka sayi sabon iri kuwa, sayi iri. Kuɗin maganin ka ƙara a na taki.

Ta cikin dawar, doguwar nan mai fure ruwan hoda, ita ce masana ke kira Striga hermonthica. Tana wuce gwiwa, a gonar da ta samu sake har ta kusa mita 1. Ka murza karanta tsakanin yatsu, za ka ji kusurwa huɗu gare shi, ba zagayayye ba ne. Ganyenta siriri ne, dogo, kore sosai, da kaushi. Furen a jere yake a saman kara, daga ƙasa yake fara buɗewa yana hawa, kuma wallahi kyakkyawa ne, shi ya sa baƙo ke tsayawa a bakin hanya yana ɗaukar hoto mai gona na ta salati. In ka cire ta ka yar ta bushe, baƙi take komawa. Dawa, gero, maiwa, masara, shinkafar tudu da rake, su take kamawa. Ba ta rayuwa a kan wake ko kaɗan.

Ta cikin waken Striga gesnerioides ce. Gajera ce, da wuya ta wuce santimita 30, galibi ma taƙi ɗaya ne da 'yan kai. Ba ta fitowa da kara ɗaya, cunkus take fitowa, rassa da yawa daga gindi guda, masu kauri da ruwa-ruwa, korensu a koɗe. Ganye kusan babu, sai 'yan ɓawo-ɓawo manne da kara. Furenta ƙanana ne, shunayya mai haske, wani lokaci har ya yi fari-fari. In kana son ka tabbatar, sa fartanya ka tono gindin waken a hankali. Za ka tarar da ƙullutu a jikin saiwar, wani ya kai ƙwayar gyaɗa, wani ya fi, nan ne bakin da take tsotsa. Ta dawa ba ta yin ƙullutu babba haka, ƙanana take yi birjik a kan jijiyoyi.

Akwai ta uku da ba ka turo ba, amma ka duba ko tana nan, don ita ke rikita mutane: mai fure rawaya, ganyenta ya fi faɗi, ga gashi-gashi, gindinta na cikin ƙasa ruwan lemo. Alectra vogelii ke nan. Ita ba wake kaɗai ta tsaya ba, tana kama gyaɗa da waken suya da gurjiya.

Wurin zamansu ma ya bambanta. Ta wake ta fi son jigawa da ƙarancin ruwa, shi ya sa ta yi katutu daga arewacin Kano, Jigawa, Katsina, Yobe har zuwa Maraɗi da Damagaram. Mai furen rawaya ta fi yawa in an gangara inda damina ta fi nauyi, wajen Zariya zuwa kudancin Kaduna da Bauchi, ko da yake akwai gonakin da za ka same su tare a kunya ɗaya. Ta dawa kam ba ta zaɓe, duk inda ake noman hatsi a ƙasar Hausa tana nan. Abin da ya haɗa su shi ne gajiyar ƙasa. Ka lura da gonar da ke bayan gida, inda ake zuba shara da kashin dabbobi, sannan ka lura da ta nesa wadda aka shekara da shekaru ana maimaita dawa ba taki. A ta nesan za ka ga gona ta yi ja da fure. Fadamar da ruwa ke kwanciya kuwa ba kasafai ake ganinsu ba.

In ka ɗauko tsohon littafin tsirrai za ka ga an sa su duka a dangin Scrophulariaceae, tare da ruma-faɗa, ɗan ganyen nan mai zaƙi da ƙananan fararen furanni da ke fitowa a gefen rafi da wuri mai danshi. Daga baya binciken ƙwayoyin halitta ya raba gidan, aka mai da wuta-wuta dangin Orobanchaceae. Ruma-faɗa ba ta tsotsar kowa, kada yaranka su ɓata lokaci a kanta.

Dalilin da na ce ka bar feshi shi ne yadda abar take rayuwa. Irinta ƙura ce, ƙwaya ɗaya ba ta kai rabin milimita ba, kuma gindi ɗaya na ta dawa yana zubar da dubun dubata. Yana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 bai mutu ba. Ruwan sama kaɗai ba ya tsirar da shi. Sai ya jiƙa na 'yan kwanaki cikin ɗumi, sannan ya ji wani sinadari da saiwar shuka ke fitarwa, sai ya tsiro ya nemi saiwar ya manne. In bai samu ba cikin kwanaki kaɗan, ya mutu, don ba shi da guzuri. In ya samu, sai ya yi wata guda ko fiye a ƙarƙashin ƙasa yana shan ruwa da abincin shukar, kai kana sama kana mamakin me ya sa dawa ta tsugune, ganye na naɗewa alhali ƙasa a jiƙe take, wake na yin rawaya tsakanin jijiyoyin ganye. Ranar da ka ga fure, rabin ɓarnar ko fiye an riga an gama ta. Feshi a lokacin ihu ne bayan hari.

Ni waken SAMPEA 10 ne ya dawo mini da gonar da muka gada. Ƙasarta jigawa ce, waken gargajiya ɗan'ila muke shukawa tun zamanin mahaifinmu, har ta kai duk shekara da an shiga marka sai waken ya fara koɗewa, da kaka a tsinci abin da bai taka kara ya karya ba, harawar ma ba a samun ta kirki. Maƙwabta suka ce gonar ta mutu, a bar wa makiyaya. Wani malamin gona ne ya kawo mini irin a 'yar leda, ya ce in gwada. Na raba gonar biyu, gabas sabon, yamma ɗan'ilan, rana ɗaya aka shuka, noma ɗaya aka yi musu. Da lokaci ya yi, daga kan hanya kana ganin iyakar: yamma cunkus-cunkus na wuta-wuta a gindin kowane wake, gabas kore shar, sai ka yi ta dubawa kafin ka ga ɗaya. Wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya fi kowa yi mini dariyar “waken takarda”, shi ya fara aiko jikansa da kwarya a zuba masa tiya guda. Har yau irin yake shukawa, kuma in ka ji shi yana ba da labari sai ka rantse shi ya kawo shi garin.

Irin nan ba na kasuwa ba ne da wani ya laƙaba wa suna. Masu binciken IITA, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan, su ne suka samar da shi, lambarsa a wajensu IT97K-499-35, aka fitar da shi ga manoman Najeriya a 2008 tare da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, kuma yana jure ta waken da mai furen rawaya duka. A 2011 aka ƙara fito da SAMPEA 14 da SAMPEA 15, su ma masu jure wuta-wuta. Ba zan ɓoye maka aibinsa ba: ƙwayarsa ba ta kai ta kanannado girma ba, masu awo a kasuwa sukan taɓa farashi saboda haka. Kuma jure wuta-wuta ba jure ƙwari ba ne, feshin tsutsa lokacin fure yana nan daram. Amma wake da kansa yake barbara, don haka in ka ware mai kyau ka adana, zai yi maka 'yan shekaru kafin ka sake saye.

Maganin feshin, na taɓa sayen maganin ciyawar nan da ake kira 2,4-D saboda ita. Ya ƙone wadda ta fito a cikin dawa, wannan gaskiya ne, ya haɗa da waken da na yi gicci da shi, badi kuma ta dawo. In dawarka zalla ce kuma ba ka da masu cira, zai rage zubar iri. Iyakarsa ke nan.

A ɓangaren dawa kada in yaudare ka, sauya iri kaɗai ba ya gamawa da ita yadda yake yi a wake. Ta wake ita ma da kanta take barbara, jinsinta bai cika sauyawa ba, shi ya sa iri ɗaya mai juriya ke iya toshe ta a yanki guda. Ta dawa ƙwari ke kai mata barbara daga wannan fure zuwa wancan, 'ya'yanta kala-kala ne, a cikinsu ba a rasa wanda zai kama. In masara za ka sa a wurin, nemi SAMMAZ 15 ko SAMMAZ 16. In dawa ce dole, to ka huta da ita a wannan gefen, ka sa waken suya, irin TGx 1448-2E, ko gyaɗa ko auduga. Saiwarsu na fitar da sinadarin nan da ke tayar da irin, ya tsiro ya rasa abin kamawa ya mutu. A saiwar auduga ma aka fara gano sinadarin, a 1966. Abin da ya sa na ce ka duba mai furen rawaya ke nan, don in tana gonar, gyaɗa da waken suya abincinta ne, auduga ce mafita. Sai taki, na gargajiya da yuriya, gwargwadon ƙarfinka. Sai cira da hannu da zarar fure ya fara, kafin ya ɗaure ƙwanso. Kada a tara a gefen gona, wadda aka cire da fure tana iya ƙarasa nunar da irinta a kwance. A kwashe a buhu a ƙone.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da iri. Da damina ta matso za ka ga leda-leda a kasuwar ƙauye, an auno waken ci, an shafa masa jan garin magani, an rubuta SAMPEA da alƙalami. Asarar biyu ce: ba juriyar, kuma hatsin da aka sheƙe a ƙasan gonar da ke da wuta-wuta yana zuwa da ƙurar irinta a jikinsa, ka saya da kuɗinka ka kai gonar da ba ta da ita. Ka sayi wanda ke cikin ledar kamfani a liƙe, da sunan iri da shekarar da aka noma shi, da tambarin hukumar kula da irin shuka ta ƙasa, NASC. Yawanci akwai wurin kankarewa a jikin tambarin, ka kankare ka tura lambar ta waya tun kana tsaye a shagon. Wanda ya ce maka ledar ta yage ne ya juye a kwano, yi masa sallama. Haka mai cewa yana da maganin da ke kashe irinta a cikin ƙasa da feshi ɗaya.

Bana dai an riga an shuka, abin da ya rage maka cira ne, kuma ka fara da ta dawar tunda furenta ya buɗe. Irin badi ka nema tun watan Afrilu ta hannun malamin gona na ƙaramar hukumarku, don in ruwa ya sauka na gaskiyar ƙarewa yake yi.