Kuza, kolumbait ko dutsen ado, wanne za ka zuba wa jarinka a Jos?

Duk wanda ya tara 'yan kuɗaɗensa ya ce zai shiga sayen ma'adinai a Filato, abin da yake fara tambaya shi ne wanne ya fi kawo riba. Ni kam shawarata ka fara tambayar wanne za ka iya gwadawa da hannunka kafin ka ƙirga kuɗi, in ka bi ta nan kuwa kuza za ka tsaya a kai, ba na ɓoye ra'ayina tun daga farko.

Amma sai ka san dalilin da ya sa kayan nan suke zuwa a cakuɗe, don daga nan duk ha'incin yake samun ƙofa. Duwatsun nan na Shere da Bukur da Rop gindin tsofaffin duwatsu masu aman wuta ne, jeri guda ne da ya taso tun daga Ayar a Nijar ya biyo ta Damagaram, Riruwai a jihar Kano, Ningi, Jos, har Afu a Nasarawa. Na arewa sun fi tsufa, na wajen Jos kuwa sun haura shekara miliyan 150. Samansu ya zaizaye tuntuni, abin da muke gani yau giranit ne da ya daskare a ƙarƙashi, kuma a jikinsa kuza da kolumbait da tofaz suke. Ruwan sama ya yi ta cin dutsen yana kwashe mai sauƙi, masu nauyin suka kwanta a gindin korama wuri ɗaya, daga baya wani aman wutar ya sake malalo baƙin dutse ya binne wasu tsofaffin koramun. Shi ya sa mai ramin loto, wato ramin haƙar kuza da ake nutsawa kamar rijiya, sai ya nutsa sosai kafin ya taɓa tsakuwar da ke ɗauke da kuzar, kuma in ya wanke a ƙwarya abin da zai rage masa ba kuza zalla ba ce, akwai ilmanait, zirkon, monazait, kolumbait, kusan duk baƙi-baƙi ko ƙasa-ƙasa, ido kaɗai ba ya raba su.

To me ya sa kuza? Na farko nauyinta ba ya ƙarya. Ta ninka ruwa kusan sau 7, ilmanait da zirkon kuwa ba su kai 5 ba, wato in ka cika gwangwanin madara da busasshiyar kuza mai kyau ka share bakinsa ka ɗora a sikeli, sannan ka cika shi da baƙin yashi, na kuzar zai fi da kusan rabi. Ka samu kuzar da ka tabbatar da ita ka auna gwangwaninka sau ɗaya ka rubuta a jikinsa, shi ke nan ka samu ma'auni. Na biyu ba ta bin maganaɗisu ko kaɗan. Na uku in ka goga ƙwayarta a bayan fasasshen tayil fari, layin da za ta bari fari-fari ne ko ruwan ƙasa mai haske duk baƙinta, ilmanait kuwa baƙin layi yake ja. Akwai ma tsohon gwajin da ake yi da ɗan tutiya da ruwan asid mara ƙarfi, a ɗora ƙwayar a kai, bayan ɗan lokaci sai ka ga ta yi fatar toka-toka, in ka murza ta yi ƙyalli, wannan kuza ce ba tantama. Sannan kasuwarta a buɗe take, kullum ana fitar da farashinta a kasuwar ƙarafa ta Landan kowa na iya dubawa a wayarsa, kuma muddin ana ƙera waya da kwamfuta ana buƙatarta wajen liƙe kayan cikinsu. Mutanen Riruwai suna narka ta tun kafin Turawa su iso tudun nan a farkon shekarun 1900, sana'a ce mai asali. Ba wai ba ta faɗuwa ba fa, a 1985 kasuwar ta rushe a duniya baki ɗaya, a 2022 ma tan ɗaya ya haura dala 45,000 a watan Maris sannan ya gangaro ƙasa da 20,000 kafin shekarar ta ƙare, don haka kar ka jibge kaya a ɗaki kana jiran tashi, ka saya ka juyar.

Kolumbait kaya ne mai tarihi, a shekarun 1950 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi, sai dai kuɗinsa na rataye ne a kan yawan ƙarafan niyobiyam da tantalam da ke ciki, kai kuma ba ka da hanyar sani sai abin da mai na'ura ya faɗa maka. Zirkon kuwa na masu saye tirela-tirela ne. Monazait yana da toriyam mai fitar da tururin da ke illa ga jiki, ko kyauta aka ba ka kar ka kai shi gidan da yara ke kwana. Duwatsun ado irin su tofaz da akwamarin da safaya, in ba ka yi shekaru a gindin wanda ya iya ba, caca ce kawai.

Yanzu maganar algus, wacce ita ce ta fi ci min rai. An taɓa kawo min buhu a wani shagon saye, samansa kuza tsaf har tana ƙyalli, mai kayan yana ta rantse-rantse yana cewa Alhaji sauri nake mota za ta tashi, da aka zazzage a injin rabewa ƙasan duk ilmanait ne. Tun daga ranar ba na karɓar kaya a buhu, a juye min shi a kan tamfol, a cakuɗa da shebur, a raba huɗu in ɗebi inda na ga dama. Wanda ya ce ba shi da lokacin wannan ya ɗauki kayansa, Allah ya ba da kasuwa. Kuma maganaɗisun lasifikar rediyo da wasu ke yawo da shi a aljihu ba ya wadatarwa, garin ƙarfe da magnatait kawai yake ɗagawa, ilmanait sai mai ƙarfi irin wanda ake cirowa a cikin tsohon faifan ajiyar bayanan kwamfuta (hard disk), ka naɗe shi a leda don ka iya zare abin da ya kama. Ko shi ɗin ma zirkon zai wuce shi lafiya lau tunda shi ma ba ya bi, a nan gwangwaninka zai yi aiki. Sai masu yayyafa ruwa da daddare kayan su yi nauyi, ka damƙa a tafin hannu ka saki, in ya dunƙule a shanya shi a rana tukuna. Sikeli kuma ka zo da naka, nasu kullum yana da ciwon da ba ya tashi sai a kanka.

Na'urar nan ta XRF mai auna yawan ƙarfen da ke cikin kaya, da ake harbawa kamar bindiga, tana da amfani ƙwarai, amma saman abin da aka nuna mata kawai take karantawa, in dillali ne ya zaɓo samfurin ya shimfiɗa to sakamakon nasa ne ba naka ba. A daka samfurin ya zama gari, a harba wurare daban-daban kana tsaye, kuma kar ka bari a shiga da shi wani ɗaki a ce ana zuwa. Ka tuna kuma kuza ko ta kai iyakar tsarki ba ta kaiwa kashi 79 cikin 100 na ƙarfen, duk wanda ya nuna maka takarda mai ɗauke da 85 ya raina maka hankali ne.

Ɓangaren dutsen ado kuwa abin har dariya yake ba ni, fasasshiyar kwalba shuɗiya a gurza ta a yashi a shafa mata jar ƙasa a ƙulle a tsumma, a ce yanzu aka fito da ita daga rami. Haska da tocilan waya, in ka ga 'yan kumfa zagaye a ciki gilashi ne. Farin dutsen kwaz ma ana sayar wa baƙi shi da sunan tofaz, alhali tofaz ya fi shi nauyi sosai a hannu kuma yana karce shi. Safayar da aka haɗa a masana'anta kuwa duk gwajin karce za ta ci, sai mai madubin aikin ne zai gane ta.

Kar kuma a ja ka da daɗin baki ka ɗauki nauyin rami, ka sayi injin ban ruwa da fetur da abincin ma'aikata a kan alkawarin kai za a sayar wa, ranar da aka taɓa tsakuwa mai kyau da daddare take ficewa. Ga ramukan loto suna ruftawa da mutane musamman da damina. Ka tsaya a sayen wankakke busasshe, ka kuma nemi lasisin saye da mallakar ma'adinai daga ma'aikatar tarayya kamar yadda dokar 2007 ta tanada kafin ka ɗora buhu ko ɗaya a mota, ka tambayi halin da dokar jiha take ciki a lokacin, don a 2025 gwamnatin Filato ta taɓa dakatar da haƙa gaba ɗaya, kuma a shingen hanya ba wanda zai saurari cewa ba ka ji ba.