Kuromatsu da goyomatsu: wanne ake yanke wa toho a watan Yuni, wanne ake ƙyalewa?

Wani ɗan'uwa da ke zaune a Ingila ya sayi bonsai biyu, wato 'yan itatuwan da ake reno a tukunya ana hana su girma, na itacen fain a wuri ɗaya, an ce masa ɗaya baƙin fain ne na Japan, ɗayan kuma fari. Ya ga masu sana'ar suna yanke sabon toho kakaf a watan Yuni don ganye ya fito gajere, shi ne yake tambaya ko zai haɗa su ya yi musu askin rana ɗaya.

Malam, ajiye almakashin tukuna. Baƙin, wanda Japanawa ke kira kuromatsu, shi ake yi wa wannan aski, shi ɗin ma sai ya cika wasu sharuɗɗa. Farin, wato goyomatsu, in ka yi masa haka rassansa za su bushe ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci ma itacen ya tafi gaba ɗaya.

Ka fara tabbatar da wanne ne wanne. Ganyen fain siriri ne kamar allura, kuma ɗauri-ɗauri yake fitowa, kowane ɗauri da ɗan kube a gindinsa. Ciro ɗaya ka ƙirga. In allurai biyu ne masu tauri, kore mai duhu, suna sukan tafin hannu, kuromatsu ne. In biyu ne amma sirara masu laushi, to jan fain ne, akamatsu, wanda kulawarsa ta yi kusa da ta baƙin. In biyar ne gajeru da ratsin fari-fari, goyomatsu ke nan, sunan ma ma'anarsa fain mai ganye biyar. Kada ɓawon gindi ya ruɗe ka. Yawancin farin fain da ake fitarwa kasuwa ɗan aure ne, kamar mangwaron aure, an ɗora shi a kan gindin baƙin fain don ya sami saiwa mai ƙarfi. Za ka ga ɓawo mai kaushi a ƙasa, sai kwatsam ya koma sumul wajen reshen farko. Ganyen da ke sama shi za ka bi wajen aski.

Bambancin daga mahaifarsu ya samo asali. Kuromatsu itacen bakin teku ne a Japan da Koriya ta Kudu, ya saba da iskar gishiri da guguwa mai karya sabon toho, kuma yana da ƙarfin fitar da toho na biyu a shekara ɗaya in na farko ya salwanta. Goyomatsu ɗan tsauni ne, inda lokacin girma gajere ne. Toho ɗaya yake yi a shekara, in ya rasa shi ya rasa ke nan. A Japan ana danganta gano dabarar ga Saichi Suzuki na lambun Daiju-en da ke Okazaki, wanda aka ce a shekarun 1930 ya lura tsutsa ta cinye tohon wani baƙin fain, itacen ya sake fitar da wani mai gajeren ganye. Wannan ɓarnar tsutsa ita ake kwaikwayo da almakashi, ana kiran aikin mekiri.

Lokacin mekiri lissafi ne. Toho na biyu yana bukatar kamar kwana 100 kafin sanyi ya tsayar da girma. Wanda ya yanke da wuri zai sami dogon ganye, wanda ya jinkirta zai sami gajere, wanda ya makara sosai kuwa tohonsa zai shiga hunturu da ɗanyen jiki. A yankin Takamatsu, inda unguwannin Kinashi da Kokubunji ke noma mafi yawan bonsai na fain a Japan, zafi yana daɗewa, don haka daga tsakiyar Yuni har cikin Yuli ana yanka, manyan itatuwa da farko, ƙananan da ake ɗauka a tafin hannu daga ƙarshe. Ingila ba ta da wannan zafin. A wajenku ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni ne, kuma ya fi aminci a yi shekara ɗaya a huta ɗaya. Wanda ya kwafi kwanan watan Japan ya ɗora a Ingila yakan ƙare da 'yan idanun toho da ba su buɗe ba har Oktoba.

Ga yadda ake yankan. Nemo inda tohon bana ya tashi daga ganyen bara, ka sa almakashi mai kaifi ka yanke shi a kwance, kai tsaye. In yankan ya karkace, gefe ɗaya zai fi ɗaya ƙarfin tsiro. Ganyen bara kuma ka bar shi, shi zai ciyar da reshen har sabo ya fito. Sai dai ƙarfin itacen ba ɗaya ba ne a ko'ina: sama da bakin rassa suna da ƙarfi, ƙasa da ciki raunana ne, kuma daidaita su shi ne rabin aikin. Hanya biyu ake bi. Ta farko, a yanke raunanan yau, matsakaita bayan kwana goma, ƙarfafan bayan wani kwana goman, don raunanan su riga su fara tsiro. Ta biyu, a yanke duka rana ɗaya amma a bambanta dungun da ake bari: kusan santimita 1 a kan mai ƙarfi, rabin haka a kan matsakaici, milimita 1 ko 2 a kan rarrauna, domin dogon dungu yana jinkirta fitowar sababbin idanu. Ta biyun ta fi dacewa da wurin da lokacin zafi gajere ne, tunda ba a ɓatar da kwana 20 ana jira. Ko wacce ka ɗauka, 'yan tohon can ciki da ba su kai rabin gaɓar yatsa ba, kada ka taɓa su. A wuraren da suka fi ƙarfi ka rage ganyen bara zuwa ɗauri biyar ko shida. Bayan kamar mako biyu za ka ga 'yan ɗigo-ɗigo a gefen yankan, su ne sababbin idanun.

Aikin goyomatsu ya riga wannan, kuma da yatsu ake yinsa. A Afrilu zuwa Mayu tohonsa yana miƙewa kamar kyandir, allurai sun fara leƙowa amma ba su buɗe ba. Riƙe gindin kyandir ɗin da hannu ɗaya, ka karya rabi ko kashi biyu cikin uku na masu tsawon da ɗaya hannun. Gajerun ka wuce su. Ba rana ɗaya suke kai tsawo ba, don haka za ka riƙa dawowa har mako biyu ko uku. Almakashi a nan yana datse bakin alluran da ke ɓoye, su fito da jan baki. Inda mutane ke faɗawa rami shi ne gindin kyandir: sau da yawa babu ganye a wurin, sai 'yan ƙwallaye masu fitar da hoda rawaya. Wanda ya karya har ya rage wannan sashen kaɗai ya bar reshe tsirara. Ka tabbata abin da ya rage yana ɗauke da ɗauri uku zuwa biyar. Wannan karyar ba ta kawo toho na biyu, tsawo kawai take hanawa da raba ƙarfi.

To, ta yaya farin ke samun gajeren ganye? Ta hanyar taki da ruwa, kuma a nan itatuwan biyu sun juya wa juna baya. Kuromatsu ana ƙosar da shi tun daga Maris, saboda za a cire masa toho kuma sai da tanadi zai iya mayarwa. Japanawa suna amfani da dunƙulen tunkuzar da ta rage bayan an matse mai daga iri, suna jera huɗu zuwa shida a gefen tukunya mai faɗin santimita 30, a sake su duk mako huɗu ko biyar. Ranar mekiri a kwashe takin duka, in ba haka ba toho na biyu zai yi tsawo kamar na farko, an yi aikin banza. Sai sabon ganye ya fara tauri wajen Satumba a mayar. Goyomatsu da ya riga ya samu siffa kuwa ba a ba shi taki sai ganyen bana ya gama buɗewa ya yi tauri, sannan a ciyar da shi a watannin kaka. Ruwa ma haka: baƙin mashayi ne, da zafi yakan nemi sau biyu a rana, ko da yake bayan mekiri shansa yana raguwa, sai hannunka ma ya ragu. Farin yana son ƙasa ta sha iska tsakanin ban ruwa. Ruwan saman Ingila kaɗai ya isa ya ruɓar masa da saiwa, don haka a makonnin da ake yini ana yayyafi ka sa shi ƙarƙashin rumfa mai haske, ko ka ɗan tokare gefen tukunyar ta karkace ruwa ya tsiyaye.

Rabin aikin baƙin fain a Oktoba da Nuwamba yake, kuma shi ne wanda sababbin hannu suka fi mantawa. Kowane yanka zai haifi toho biyu zuwa biyar. Biyu kaɗai ake bari, waɗanda ke gefe da gefe a kwance, masu ƙarfi ɗaya. A saman itacen ka zaɓi ƙananan biyu, a rassan ƙasa ka zaɓi manyan. In ka ji tausayi ka bar huɗu ko biyar a wuri ɗaya, wurin zai kumbura ya zama ƙulli, kuma ƙulli ba ya gyaruwa sai da yanke reshen. Daga nan a tsige ganyen bara da hantsaki, ana jan kowane ɗauri ta inda ya dosa don kada ɓawo ya yage. Sabon ganye ma ana rage shi, kamar ɗauri shida zuwa takwas a sama, goma zuwa sha biyu a ƙasa. Hasken da ke shiga ciki bayan wannan tsiga shi ke tayar da idanu a tsohon reshe. Goyomatsu ma ana mayar da tohonsa biyu-biyu, amma tsohon ganyensa da kansa yake rawaya ya zube a Satumba da Oktoba, ba ciwo ba ne. Wanda ya ƙi zuba a yanke shi da almakashi a bar milimita 2 ko 3.

Yanzu sharuɗɗan da na ambata. Ba a yi wa kuromatsu mekiri in har yanzu ana son gindinsa ya yi kauri, domin kauri daga toho mai tsawo yake zuwa. Irin wannan ma reshe ɗaya ake saki ya yi ta tafiya shekaru, daga baya a sare. Ba a yi in an taɓa saiwa sosai a wannan shekarar, ko tohon ya fito gajere, ko ganyen ya koɗe. Nau'in kuromatsu da ake kira nishiki, mai ɓawo kamar fukafukai, rarrauna ne, ba ya jure yanka kowace shekara. Naka kuwa sabon saye ne, ba ka san yaushe aka sake masa ƙasa ba, ba ka san takin da ya ci ba. Bana ka bar shi ya sha rana yini guda, ka ciyar da shi, ka yi aikin Nuwamba kawai. Tohon baɗi zai nuna maka ko ya isa yanka.

Inda suka yi tarayya kaɗan ne amma ba a wasa da shi. Duk reshen da aka yanke har bayan ganyensa na ƙarshe ya mutu, fain ba ya tsiro daga busasshen dungu. Ƙasarsu tsakuwa ce: akadama (ƙwayoyin yumɓu na Japan) da famis (dutse marar nauyi mai ƙofofi) da tsakuwar dutsen aman wuta kashi ɗaya-ɗaya, ƙwaya milimita 3 zuwa 6, a tankaɗe garin a zubar, farin a ƙara masa famis. Ana sake tukunya a Maris kafin toho ya motsa, ƙaramin itace duk shekara biyu ko uku, tsoho huɗu ko biyar, kuma ba a wanke saiwa tas. Farar fumfunar da za ka gani a jikin saiwar abokiyar zamansa ce, tana taya shi tsotsar abinci, a mayar da wani sashe nata cikin sabuwar ƙasa. Wayar jan ƙarfe da ake lanƙwasa rassa da ita ana naɗa ta daga kaka zuwa ƙarshen hunturu. Baƙin yana saurin kumbura ya haɗiye ta, sai ka riƙa dubawa. In ganye ya dusashe da zafi, ka tara farar takarda ƙarƙashin reshe ka kaɗa shi, ka goga yatsa a kai: jan zane yana nuna 'yan mitsi-mitsin gizo-gizo masu tsotsar ganye ne. Ratsin ja ko rawaya a tsakiyar allura kuma cutar fumfuna ce, wadda yawan jiƙa ganye da yamma ke ƙara wa ƙarfi.

'Yan'uwa da ke Kano ko Maraɗi masu sha'awar abin, goyomatsu yana bukatar watanni na sanyi na gaske don ya yi barci, sanyin hunturunmu bai kai ba. Kuromatsu ya fi jure zafi, amma wannan lissafi na Yuni da Nuwamba an gina shi ne a kan hunturu irin na Japan. A Indonesiya, inda su ma ba su da irin wannan sanyi, wata bishiya mai suna kasuwarina suke sarrafawa har ta yi kama da baƙin fain, kuma ana shuka ta a Najeriya don ado da tare iska. Ita ba fain ba ce, tana tsiro daga tsohon reshe, ana kuma iya tsinke mata baki da yatsu duk lokacin da take girma.