Ɗan jagora ko kai kaɗai: shiga baƙon kogi don kamun tirawut

Malam, ka ce za ka yi hutun kwana huɗu a wata ƙasa mai sanyi, akwai kogin tirawut kusa da masaukinka, ba ka taɓa taka gaɓarsa ba. Kana tambaya ko ka ɗauki ɗan jagora ko ka saɓa fatsarka ka shiga kai kaɗai. Na gwada duka biyun, bari in jera maka su.

Amma kifin tukuna, don shi ne alƙali. Tirawut ba tarwaɗa ba ne, sunan ne kawai ya so ya yi kama. Kifin ruwan sanyi ne mai gudu. Ya fi cin abinci idan ruwa na tsakanin digiri 10 zuwa 16 a ma'aunin Salshiyas. Da ya haura 20 sai ya galabaita, wanda ka kama ka saki ma yana iya mutuwa bayan ka tafi. Yakan tsaya ne kansa na kallon inda ruwa ke tahowa, yana jiran ƙwarin da ruwa zai kawo masa har baki, shi ya sa ake bin kogi daga ƙasa zuwa sama, a ɓullo masa ta baya. Wuraren zamansa sanannu ne: bayan babban dutse, ƙarƙashin gaɓar da ruwa ya zaizaye, da layin nan da ruwa mai sauri ke gogar mai tafiya a hankali, inda kumfa ke jeruwa. In ka tsaya ƙiƙam a kan gaɓa da farar riga, inuwarka ta faɗa ruwa, to kifi na ganinka mai jar koma. Duk wannan kana iya koyonsa tun daga ɗakinka, ba sai ka biya kowa ba.

Abin da ba ya koyuwa daga nesa shi ne halin wannan kogin a wannan makon, kuma nan ne ɗan jagora ya yi maka nisa. Ya san wane ƙwaro ke tashi yanzu da ƙarfe nawa yake tashi, ya san gurbin da ambaliyar bara ta cike da yashi alhali taswira na nuna shi da zurfi, ya san mashigin da ruwa ke tsayawa a gwiwa da wanda ke kai wa ƙirji. Da ɗan gari kan ci gari. Kai kuwa in kai kaɗai ne, yinin farko kusan duk a neman hanya zai tafi: ina za a ajiye mota, ta ina ake gangarawa, wannan shingen na waye. A kwana huɗu, ɗaya ya tafi ke nan.

Sai doka, wadda baƙi suka fi rainawa. A Amurka kowace jiha da lasisinta. A Montana, dokar 1985 ta ba ka damar bin cikin kogi ko da ya ratsa gonar wani, muddin ta halastacciyar hanya ka shiga kuma ba ka haura iyakar da ruwa ke kaiwa ba. A Kolorado kuwa, taka ƙasan kogi a filin wani shiga gonar mutane ne. A Ingila lasisin hukuma bai isa ba, sai ka nemi izinin mai haƙƙin kamun kifi a wannan yankin kogin. Niyu Zilan ta hana masu kamun kifi sa takalmi mai tafin matsattsen gashi tun 2008, saboda wata gansakuka mai yauƙi, didimo, da aka gano a can a 2004, wadda ke maƙalewa a tafin ta bi mutum zuwa wani kogin. Montana ɗin dai, idan zafin ruwa ya kai kusan digiri 23 kwana uku a jere, akan rufe kamun kifi daga ƙarfe biyu na rana zuwa sha biyun dare. Ɗan jagora ya haddace waɗannan. Mai tafiya shi kaɗai sai ya zauna ya karanta littafin dokar wurin, har da ƙananan rubutun: ko an yarda da koto mai rai, ko sai an danne ƙayar ƙugiya, kifi nawa ake tafiya da su. Ba wuya ba ce, dare ɗaya ya isa, amma sai an yi.

To, mene ne aibin ɗan jagora? Kuɗi, wannan kowa ya sani. Wanda ba a faɗa shi ne, da yawansu kifi suke sayar maka ba ilimi ba. Zai kai ka gurbin da ya saba, ya ɗaura maka ƙwaron ƙarya, wato ƙugiyar da aka yi wa siffar ƙwaro, da hannunsa, ya ce jefa can, ɗaga yanzu. Ka kama biyar, a yi hoto, washegari ka dawo kai kaɗai ka tarar ba ka san komai ba. Ba na ganin laifinsa, yawancin masu zuwa hoton suke so.

Tafiya kai kaɗai tana da wani daɗi da ba a saye. Ka durƙusa a bakin ruwa, ka ɗago dutse mai girman tafin hannu, ka juya shi. Za ka ga ƙananan tsutsotsi masu launin ƙasa suna gudu, wasu kuma sun gina wa kansu ɗan kube da ƙwayar yashi. Ka buɗe akwatinka na ƙwarin ƙarya, ka zaɓi wanda ya yi kusa da su a girma da launi. Kifin da ka kama ta haka, ko ɗaya ne rak, naka ne. Kuma ba agogon kowa a kanka: kana iya zama rabin awa da tabarau mai kashe ƙyallin ruwa kana kallon gurbi ɗaya, har wata inuwa da ka ɗauka dutse ce ta motsa.

Hatsarin ma naka ne kai kaɗai. Na taɓa shiga wani kogi a ƙasan madatsar ruwa, na ajiye jakata a kan busasshen dutse. Ina cikin jifa sai na ga ganye da ƙirare sun fara wucewa, ruwan ya ɗan gurɓace. Kafin in waiwaya dutsen ya nutse, jakar ta yi gaba, ruwan da ke gwiwata ya kai cinya. An buɗe madatsar ne, ni ban san jadawalin ba. Da ƙyar na kai gaɓa, kuma ɗamarar da na ɗaure a kan wandon robana ce ta hana shi cika da ruwa.

Ga yadda zan yi da ni ne kai. In ƙaramin rafi ne da za ka iya tsallakawa, kuma ka taɓa kamun tirawut a wani wuri, ajiye kuɗinka, karanta doka, sayi ma'aunin zafin ruwa, ka faɗa wa mutanen masaukinka inda za ka da lokacin dawowa. In babban kogi ne ko akwai madatsa a samansa, ɗauki ɗan jagora a rana ta farko, ba ta ƙarshe ba. Tun kafin ku sauka daga mota ka ce masa: “Kogin nake so ka koya mini, ko ban kama komai ba yau.” Ka ɗaura ƙugiyarka da kanka, ka riƙa tambayarsa me ya sa nan ba can ba. Kafin ku rabu, ka sa ya nuna maka a taswira wurare uku da za ka iya shiga kai kaɗai a sauran kwanakin, ka kuma rubuta lokacin da ake sakin ruwa.