Snapseed: ga mai son gyara hoto ba canza kamanni ba

Duk wanda ya tambaye ni manhajar gyaran hoto a waya Snapseed nake ce masa, ba wai don ta fi kowacce iya aiki ba, a'a, sai don kyauta ce, ba talla, ba biyan kuɗin wata, ba ta manna maka tambarinta a jikin hoto, kuma da zarar ka sauke ta ko data ba ka da ita za ta yi aiki. Wani kamfani Nik Software ne ya fara fitar da ita a 2011, Google ya saye kamfanin a 2012 aka sake ta a Android kyauta.

Abun da ke rikita sabon shiga shi ne yadda ake sarrafa ta. In ka shiga Tune Image ba za ka ga maɓallai a jere ba, sai ka ja yatsa sama ko ƙasa ka zaɓi abun da za ka gyara, sannan ka ja dama ko hagu ka ƙara ko ka rage. Mutane da yawa a nan suke gajiya su goge ta, alhali in hannu ya saba wallahi ta fi sauri.

To ga inda na fi ganin amfaninta. Yawancinmu fatarmu baƙa ce ko wankan tarwaɗa, kuma ranar Sallah ko biki farar shadda ake sawa a tsaya a rana, kyamarar waya sai ta bi hasken rigar ta bar fuska a duhu. Abun da mutane ke yi shi ne su ɗaga Brightness har ƙarshe, fuska ta fito amma aikin wuyan rigar duk ya ɓace ya koma fari fat, fatar kuma ta yi toka-toka kamar ba a shafa mai ba. Kar ka taɓa Brightness tukuna. Ka ɗaga Shadows kaɗan fuska ta buɗe, ka sauke Highlights aikin rigar ya dawo, sai ka ɗan ƙara Ambiance. In har yanzu fuskar na duhu akwai Selective, ka ɗora ɗigo a kan goshi ko kumatu, ka matse da yatsu biyu ka rage faɗin wajen da zai shafa, za ka ga ja ya nuna maka iyakarsa, sai ka ƙara haske a nan kaɗai sauran hoton na nan yadda yake. Wannan Selective ɗin gaskiya shi ne ran manhajar, a wasu manhajojin irin wannan aikin sai ka biya.

Masu sai da atamfa da leshi da mayafi a status, ku kam White Balance ne naku. Fitilar shago tana sa kaya su yi ja-ja ko shuɗi-shuɗi, mai saye ta ga kala ɗaya a hoto a kawo mata wata daban, a fara rigima. Ki ajiye farar takarda a gefen kayan kafin ki ɗauka, a White Balance akwai ɗan abu mai tsinko kala, ki ɗora shi a kan takardar kalar za ta daidaita, daga baya ki yanke takardar da Crop. Dan Allah a bar Saturation, mai ƙara ƙarfin kala, ya huta, shi ke sa jan atamfa ya zama wani ja da babu shi a kasuwa.

Hoton da aka ɗauka lokacin hunturu da hazo ya dusashe, Contrast kaɗan da Structure a cikin Details suna farfaɗo da shi, amma Structure a gini ko fili yake kyau, in ka zuba shi a fuska duk wani ƙurji da tabo sai ya fito fili.

Inda take da rauni kuwa Healing ne. Ƙaramin abu irin ƙurji, ƙuda a riga, ledar fiya wata a ƙasa, yana gogewa tsaf in ka zuƙo hoton sosai ka ɗan taɓa wajen kawai. Amma ka ce za ka cire mutum guda da ya shigo bayan amarya, sai ya kwaso wani ɓangaren ya liƙa a wajen, bango ya karkace, kowa ya gane an taɓa. Haka kuma ba ta gyara hotuna da yawa a lokaci ɗaya, mai ɗaukar hoton biki da ya dawo da ɗaruruwa manhajar Lightroom za ta fi masa, duk da akwai Last edits da ke maimaita gyaran da ka yi wa hoton baya, amma ɗaya bayan ɗaya za ka bi su. Bidiyo ma ba ta yi.

Kuma hoton da ya yi dishi-dishi tun wajen ɗauka ba za ta dawo maka da shi ba. Manhajojin nan masu AI da ake yayi suna yi, sai dai ƙirƙiro fuskar suke yi, ka sa hoton kakarka a ba ka wata tsohuwa mai ido da haƙoran da ba nata ba. Ni dai na fi son dishi-dishin a kan haka. Portrait na Snapseed ma yana gyara fata, amma in ka wuce gona da iri fuska sai ta yi sumul ba ko layi, don haka kaɗan ake sawa, kuma kana yi kana danne hoton da yatsa ka ga yadda yake tun asali, in bambancin ya yi yawa ka koma View edits ka rage.

Wajen ajiyewa ka leƙa Settings ka sa ingancin JPG a 100, girman hoton kuma kar a rage shi. In za ka tura wa mai wanke hoto ta WhatsApp ka tura shi a matsayin document, in ba haka ba WhatsApp zai matse shi, a wanko maka shi duk ya farfashe.