Bangon littafi: zanen hannu ko na kwamfuta?

Marubuta masu tasowa a nan Kano sun sha tare ni da tambaya ɗaya: bangon littafina, mai zanen hannu zan kai wa ko mai kwamfuta?

Wajen kuɗi da sauri, kwamfuta ce a gaba. Yaro ya buɗe manhajar zane ta CorelDraw, kafin la'asar ya turo maka samfuri uku ta WhatsApp, ka ce a sauya launi, nan take ya sauya. Mai zanen hannu kuwa sai ya ji labarin, ya zana da fensir, ka amince, sannan ya sa fenti. Gyara bayan nan sabon ciniki ne.

Sai dai idan mai kwamfuta ya ɗauko hoto daga intanet, hoton yana da mai shi, kuma kowa na iya ɗauka. Na taɓa ganin fuskar mace ɗaya a bangon littattafai uku a Sabon Gari, abin ya ɓata min rai ƙwarai. Ga batun launi: injin bugu da tawada huɗu yake aiki, shi ya sa jan da ya ƙayatar a waya kan fito a dushe. Ka nemi bugun gwaji tukuna. Wannan har zanen hannu ya shafa, domin shi ma sai an shigar da shi kwamfuta kafin bugu.

Amma zanen hannu naka ne kai kaɗai. Duk wanda ya taɓa tsayawa yana kallon mai zayyana yana jan layi da alƙalamin kara a kan allo, ja da kore da rawaya, ya san abin da nake nufi.

Mai sakin labari kashi-kashi a waya, aljihu ba nauyi, kwamfuta ta ishe shi. Mai littafin yara, tarihi ko waƙoƙi, wanda za a daɗe ana ajiyewa, ya nemi mai zanen hannu, ya ba shi lokaci.